Kai na Huɗu a Layin Gaba

Tsohon ya sake tashi daga kujerarsa, ya ratsa gwiwoyin wasu 'yan makaranta, ya koma can ƙarshen layi ya zauna yana karkata wuya. Nengsih ta kunna tocila ta gangara wurinsa. Aikinta ke nan a gidan silimar da ke hawan sama na wani babban kanti a birnin Cirebon: ta kai mutum kujerarsa, ta hana surutu, ta hana ɗaga waya.

"Baba, ba nan ne wurin zamanka ba," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani, 'yata. Waɗancan ne suka tare ni." Ya nuna gaba da haɓa. "Tun da aka fara bakinsu bai rufu ba. Ke ba ma'aikaciya ba ce? Je ki ce musu su yi shiru, ko aƙalla su sunkuya."

Ta dubi inda ya nuna. Kawuna uku ne baƙi ƙirin a gindin allon, ɗaya da hula, ɗaya mai sanƙo, na tsakiya da kunnuwa fato-fato. Ba shi ne na farko da ya yi wannan kuskuren ba. Ranar da aka fara nuna fim ɗin wata mata ta jefe su da gugguru, ya daki allo ya zube ƙasa.

'Yan Layin Gaba ke nan, masu shirin barkwancin da ake sawa a talabijin duk Asabar. Sukan tono tsohon fim marar kan gado, su zauna a gabansa ana ganin inuwar ƙeyarsu kawai, su yi ta yi masa shaƙiyanci har ya ƙare. A gidan su Nengsih ba a ɗora tukunya lokacin shirin. Uwarta da yayyenta kowa na jefa tasa ba'ar a kan ta mutanen, maƙwabta na leƙowa ta taga, har ba a jin rabin abin da ake faɗa a akwatin. Sai wani mai dabara ya ga ya kamata a kai abin silima. A talabijin kawunan ba su wuce babban yatsa ba, a nan kuwa sun zama daidai kan mutum. Jama'a kuma suka sayi tikiti suka zauna tsit kamar masu jiran likita, kowa na jiran na kusa da shi ya fara dariya. Abin bai karɓu ba, kuma wannan nunin na azahar shi ne na ƙarshe.

"Baba, zo mu je bakin ƙofa in yi maka bayani."

Ya dubi allon tukuna. Wani ƙaton jatan lande na roba, wanda ake ganin takalmin mutumin da ke cikinsa, yana fitowa daga teku.

"Da saura," ya ce. "Sai ya cinye jami'in kwastan tukuna." Ya miƙe ya bi ta.

A bayan labulen ƙofa suka tarar da Jajang mai yagar tikiti, ya jingina da bango yana sakace. Nengsih ta yi wa tsohon bayani a hankali, cewa mutanen nan ba sa cikin ɗakin, a jikin fim ɗin suke, ko ina ya zauna suna nan a gabansa.

"A jikin fim ɗin?" ya ce. "Da can babu su."

"Yanzu su ne fim ɗin, Baba," in ji Jajang. "Dodon nan rakiya ya yi musu. Ni da ma na faɗa, abin da ake kallo da zani a ɗaure ana cin gyaɗa ba a kawo shi inda ake biyan kuɗin kujera. Amma ga babbar masoyiyarsu nan, ta ce sai an yi layi har bakin titi."

"Rufe mana baki," ta ce. "Baba, kai me ya kawo ka? Ba ka yi kama da masu kallon shirin ba."

Sunansa Warsita. Ya ce jikarsa ce ta ga talla ta gaya masa za a nuna Fushin Jatan Lande, fim ɗin da aka ɗauka a tashar kwale-kwalen garin nan sama da shekara arba'in da suka wuce. Matarsa Tarini tana sayar da kifi a tashar a lokacin, kuma ta fito a ciki. Sau ɗaya suka taɓa kallonsa tare a tsohuwar silimar da aka rushe, ita ko ta rufe fuska da gyale har wurin ya wuce. Ta rasu da daɗewa. Hotunanta suna cikin akwati a ƙarƙashin gado lokacin da ambaliya ta shiga unguwarsu, da ruwa ya janye sai takardu farare suka tarar.

"'Yar ƙarama ce a can ƙasa, ta gefen hagu," ya ce, yana auna wurin da hannu. "Daidai inda mai hular nan ya kafa kansa. Tana riƙe da tire, da zani mai furanni. Kowa na gudu, ita tana tsaye."

Jajang ya cire tsinken daga bakinsa. Ya dubi Nengsih, ita kuwa ta dubi takalminta.

Sun san ta sarai. Duk ma'aikatan gidan sun san Mai Tire. Nan ne kaɗai wurin da fim ɗin yake ɗan motsa mutane, domin a nan 'Yan Layin Gaba suke tsayar da hoton, su zuƙo fuskar matar har ta cika allo, su yi mata tas. Tun da aka fara nuna fim ɗin Nengsih take kwaikwayon wannan fuskar a ɗakin ma'aikata, ta turo baki ta zare ido da murfin kwandon shara a hannu, su Jajang suna riƙe ciki. Kunya ta kama ta.

"Baba," ta ce, "za ka gan ta. Ba za su tare ta ba. Sai dai mutanen nan ba su da ta ido. Duk wanda ya fito sai sun taɓa shi. Ko za ka tsaya daga nan bakin ƙofa, in ya yi maka zafi ka fita?"

"Zagin ta za su yi?"

"Ba zagi ba. Tsokana."

"Wadda ta yi shekara talatin a kasuwar kifi?" Ya ɗan murmusa. "Su dai yi ta kansu."

Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da wata tsohuwar waya mai madannai, ya juya ta, ya mayar.

"Taki tana ɗaukar hoto, 'yata?"

"An hana, Baba."

"Ba hani kawai ba," in ji Jajang. Ya nuna wani ɗan jan haske a rufin ɗakin. "Ka ga wancan? Madam Lianawati, manajarmu, tana zaune a ofis tana kallon kowa ta nan. Wancan watan ta kori wani abokin aikinmu, duba saƙo kawai ya yi. Nengsih kuma ita ke biya wa ƙanwarta makarantar jinya, kar ka ja mata."

"A'a, a'a," tsohon ya ce da sauri. "Ban sani ba ne. Idona ma ya isa."

Daga ciki aka ji ihun jami'in kwastan. Baba Warsita ya ɗaga labule ya shige, bai koma kujerarsa ba, ya gangara har layi na biyu daga gaba ya zauna a tsakiya. Nengsih ta bi bayansa ta tsaya a jikin bango. Mutanen ɗakin ba su fi a ƙirga da yatsu ba: 'yan makarantar nan da suka gudo daga aji, wasu masoya a can baya da ba fim ya kawo su ba, da wani mai babur ɗin haya da ya shigo shan sanyin na'ura.

Dodon ya hau tashar. Jama'a suka watse, wasu na gudu suna dariya don ba a gaya musu abin tsoro ake ɗauka ba. Sai mai kunnuwan nan na tsakiya ya ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya. Mayar da shi baya. Wace ce waccan?"

Hoton ya tsaya cak. Aka zuƙo kusurwar hagu a hankali, har fuskar wata matashiya da gefen tirenta suka cika allon daga sama zuwa ƙasa. Hoton ya yi dishi-dishi, amma ana ganin komai: gashin da iska ta kwanto mata a goshi, ɗan tabo a haɓa, baki a ture, ido a kafe kan wani abu da ke bayan kyamara.

"Kowa na gudun dodo," in ji mai hula, "wannan baiwar Allah ko gezau."

"Dodon ne ya kamata ya gudu," in ji mai sanƙo.

'Yan makarantar suka yi 'yar dariya ta hanci. Nengsih ba ta kalli allon ba, ƙeyar tsohon take kallo. Bai motsa ba.

"Ni na san kallon nan," na tsakiya ya ce. "A gidanmu na girma da shi. Wannan kallon matar da ta aiki mijinta tun da safe ne, sai yanzu ta hango shi."

"Me ta aike shi ya sayo?"

"Ƙanƙara!"

Ba daga allon maganar ta fito ba. Baba Warsita ne, ya miƙe tsaye, hannunsa ɗaya a kan kujerar gabansa.

"Ƙanƙara ta aike ni, kifi na lalacewa, na tsaya kallon masu fim!"

"Gishiri ne, ina ji," in ji mai hula a allon, don shi ba ya jin kowa.

"Na ce maka ƙanƙara! Kurma ne kai?"

Ɗakin ya fashe. Mai babur ya farka yana tambayar me aka ce, aka gaya masa, ya buga cinya. Ɗaya daga cikin 'yan makarantar ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ka sha duka ranar?" Tsohon bai juyo ba ya ce, "Da tiren nan da kake gani." Yarinyar da ke can baya ta ce Allah ya ƙara, saurayinta ya ce a dai yi wa maza adalci. Kowa ya shiga jefa tasa, har ba a jin abin da mutanen allon ke faɗa. Tun da aka kawo fim ɗin Nengsih ba ta ji ɗakin ya yi kama da falon gidansu ba sai yau, ranar da za a cire shi.

Tocilar tana hannunta, kuma wannan surutun shi ne ainihin abin da ake biyanta ta hana. Ta san hoton ba zai daɗe a tsaye ba, domin ta haddace wurin: da mai sanƙo ya yi tari za a saki fim ɗin, matar ta koma 'yar ƙarama a bayan hula. Ta ɗaga kai ta dubi ɗan jan hasken rufi. Tsoro take ji, ba kaɗan ba. Ta sa tocilar a hammata, ta zaro wayarta daga aljihun siket, ta ɗaga ta da hannu biyu ta danna.

Mai sanƙo ya yi tari. Dodon ya ci gaba da ɓarna. Baba Warsita ya zauna, ya ci gaba da kallo har aka kunna fitilu.

Ba a gama fita ba oba-obar da ke ɗamararta ta yi ƙara.

"Nengsih," muryar Madam Lianawati ce, a kwance kamar kullum. "In kin sallami mutane ki same ni a ofis. Ki taho da wayarki."

"To, Madam."

A barandar waje Jajang ya riga ya hau tsani yana ɓalle hoton tallar fim ɗin. Ya dube ta ya girgiza kai. Tsohon yana tsaye kusa da tsanin yana gyara hularsa.

"Gobe ƙarfe nawa za a sake?" ya tambaya.

"Babu gobe, Baba. An cire shi."

"Don me?"

"Wai ba ya ba mutane dariya."

Ya jinjina kai kamar an gaya masa farashin kifi ya sauka. Nengsih ta waiga ta dubi ƙofar ofis, sannan ta matso kusa da shi.

"Ka san lambar jikarka da ka? Faɗa mini da sauri."

Ya faɗa, ta tura, ta jira har ta ga saƙon ya shiga. Sannan ta miƙa masa wayar.

Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya matso da ita, ya sake nesantawa. Hoton ya ɗan karkace, amma Tarini ta fito sosai, da tabonta da turin bakinta. A ƙasa ga kawunan nan baƙaƙe a jere, sai dai yanzu huɗu ne, ɗaya ya fi sauran tsawo har ya rufe gefen tiren.

"Waɗannan ukun na san su," ya ce. "Wannan marar kunyar fa, da ya miƙe tsaye ya tare mata kaya?"

"Kai ne, Baba."

Ya daɗe yana kallo. Oba-obar ta sake ƙara, Nengsih ta sa hannu ta rage muryar.

"To, a bar shi," ya ce, yana miƙa mata wayar. "Ai shi take kallo."