Manila Ba Mangwaro Ba Ce

A garinmu kowa da wani irin mangwaro da ake kira manila yake cin abinci. Shi muke nomawa, shi muke lodawa a manyan motoci zuwa birnin Veracruz, kuma shi ya cinye sunan mahaifina.

Sunansa Crisanto Olvera. Yana saurayi ya bi Runduna ta 201 ta sojan sama ya haye teku zuwa Filifin a yaƙin duniya na biyu. Bai tuƙa jirgi ba, kuma bai taɓa cewa ya tuƙa ba. Shi ke ɗura wa jiragen harsasai. Da ya dawo ya ce daga Manila yake, babban birnin Filifin, sai mutane suka kwashe da dariya. Wace Manila? Ta gonar wa? Tun daga nan ya zama Don Mangwaro, wato Malam Mangwaro, wanda ya yaƙi Japan a kan bishiya. Yara suka gaji sunan daga iyayensu, har limamin coci da shi yake kiransa.

Ni Eulalia, 'yarsa, ina sayar da tamal, alalar masara da ake dafawa a ganye, a bakin kasuwa, kuma ban taɓa miƙa wa mai kiransa haka abinci ba. Na yi asarar masu ciniki da yawa, ban yi nadama ba.

Kowace shekara a watan Mayu ana bikin mangwaro. A watan ne kuma rundunarsu ta sauka a Manila, don haka Baba yakan saka kakinsa ya bi bayan gangunan makaranta shi kaɗai, ba wanda ya gayyace shi. Da ya wuce tamanin, sai shugaban kwamitin biki, Lauya Abundio Rentería, ya zo gidanmu riƙe da hular kwali da aka liƙa wa mangwaron roba.

"Don Mangwaro, bana ba za ka taka ƙasa ba," in ji shi. "A kan amalanken gaba za mu ɗora ka. Sarkin Manila! Girma ne muke ba ka."

"Lauya, sunansa Crisanto," na ce.

"Haba Doña Eulalia, sunan ƙauna ne. Wa ya san wani Crisanto?"

Abin haushin, da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ɗauki tsintsiya zan raka shi ƙofa, sai Baba ya miƙa hannu ya karɓi hular.

"Akwai lasifika a amalanken?" ya tambaya.

"Har biyu, na kiɗa."

"To zan hau."

Da Lauya ya fita na tasa shi gaba. "Baba, sun mayar da kai biri, yanzu kuma kai za ka riƙe musu igiyar?"

"Ƙafafuna sun ƙi, 'yata. In ban hau ba, a gida zan zauna. Goge min kakin."

Na goge ina kuka, kukan takaici ne ba na tausayi ba.

Ranar bikin wani direba mai suna Nazario ya ja amalanken da tarakta. Baba na zaune a kan kujera tsakanin kwandunan mangwaro, hular kwali a cinyarsa, tasa ta soja a kansa. Mutane na tafi suna ihun Don Mangwaro. Ina tafe a gefe, ina harar duk wanda muka haɗa ido.

Da aka iso gaban rumfar manyan gari, Baba ya ƙwanƙwasa ƙarfen amalanken da sandarsa. "Nazario, tsaya. Kashe kiɗan nan, miƙo min abin magana."

Nazario ya waiwayi Lauya, ya waiwayi tsohon, ya taka birki.

Kowa a nan ya san al'adar tun daga makaranta: in aka kira sunan sojan da ya mutu, masu rai ne ke amsa masa. Baba ya dafa kujera ya miƙe.

"Fidencio Barragán, makaniki."

Na san Fidencio, yakan ziyarce mu ina ƙarama. Na ɗaga muryar da nake tallan tamal da ita na ce, "Yana nan."

"Leobardo Cuéllar, mai dafa mana abinci."

"Yana nan."

Lauya ya taso yana murmushin dole. "Don Mangwaro, ana jira a baya."

"Su jira, Lauya. Ni shekara sittin nake jira." Ya ja numfashi, ya kara abin maganar a bakinsa. "Crisanto Olvera."

Na buɗe baki, ya ɗaga min yatsa na yi shiru. Ba ni yake tambaya ba. Mutane suka riƙa waige-waige. Na ji wata a bayana tana raɗa, wai wane ne kuma wannan, ko ɗan garin nan ne. Wani daga inuwar shago ya ce, "Mangwaro," wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

Baba ya bar su a cikin shirun har ya ishe su. Sannan ya sara wa tuta.

"Ina nan," ya ce. "Ban mutu ba tukuna, shi ya sa na amsa wa kaina. Manila birni ne, akwai kaburbura a cikinsa. Nazario, mu je."

Ya ajiye hular kwalin a kan kwando ya zauna. Ba a sake kunna kiɗan ba sai da muka sha kwana.

A watan Janairu ya rasu. Da Mayu ya zagayo na rufe tukunyar tamal, na saka hularsa ta soja, na tsaya a tsakiyar titi gaban rumfar. Tarakta ta tsaya don ba ta da hanya. Ba ni da lasifika, ban kuma nema ba. Na kira Fidencio na amsa, na kira Leobardo na amsa. Sai na kira mahaifina, na kama bakina.

"Yana nan," in ji wata murya daga kan tarakta. Wasu muryoyin suka bi ta daga baya, ba su da yawa.

Ban juya na ga ko su waye ba. Ban yafe musu ba tukuna.