Wufar Manaja

Shekara talatin da ɗaya Injiniya ya yi a ɗakin ɗaukar sauti na wani gidan rediyo kafin ya yi ritaya, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda cewa mutane suna da kunne ba. Abin da suke da shi, a cewarsa, wurin rataya tabarau ne kawai. Saboda haka ranar da Auta, 'yar ƙanwarsa, ta kira shi ta ce mijinta ya sayo sifikun kallon fim amma sautin ya ƙi daɗi, sai da ya yi tsaki kafin ya amsa.

"Wa ya zaɓar masa?"

"Shi da kansa, Kawu."

"To, Allah ya kyauta."

Mijin nata manaja ne a wani kamfanin inshora, kuma Manaja kowa yake kiransa, har a gida, don shi ma haka yake so. Injiniya bai taɓa ƙinsa a fili ba. Ya dai lura tun farko cewa mutumin ba ya jin maganar kowa sai ta wanda ya fi shi kujera a ofis.

Ranar Alhamis da hantsi ya isa gidan da tsohuwar jakarsa: filaya, sukudireba, tef ɗin awo, da faifan da yake gwada sauti da shi. Yana shiga falon ya tsaya. Ƙasa tayil ne mai sheƙi, bango fayau, tebur na gilashi, ga kabad shi ma na gilashi cike da kofuna da farantan da ba a taɓa ci a cikinsu ba. Tagogi uku, babu labule ko ɗaya. Ya tafa hannu sau ɗaya, tafin ya zagaya ɗakin ya dawo masa.

"Wannan falo ne ko banɗaki?"

Auta ta rufe baki tana dariya. Manaja ya fito daga ciki yana gyara agogo, ya ɗan rusuna ya gaishe shi, sannan ya buɗe hannu yana nuna kayan.

"Kawu, ka ga abin? Kaf shagon babu kamarsu."

Injiniya ya gani. Dogayen sifiku biyu da suka fi Auta tsawo, an cusa kowanne a kusurwa, suna kallon juna kamar masu shirin dambe. Ta tsakiya, wadda maganar 'yan fim ke fitowa daga cikinta, an kulle ta a durowar ƙarƙashin talabijin tare da amfilifaya, na'urar da ke ba sifikun ƙarfi, an rufe ƙofa. Ƙanana biyu da ya kamata su zauna a bayan mai kallo suna saman kabad a gaba, wai don wayoyi suna ɓata ado. Wufa kuwa, akwatin da ke fitar da gurnanin nan da ake ji a ƙirji, tana can a lungu, girmanta kamar ƙaramin firji, an ɗora mata tulun furen roba a ka.

"Ya aka yi ka zaɓi waɗannan?"

"Ce wa mai shago na yi ya ba ni wanda ya fi na Daraktanmu girma. Ƙarfinsa wat dubu biyar, Kawu. A jikin kwali aka rubuta."

Injiniya ya juya sifika ɗaya, ya karanta 'yar takardar da ke manne a bayanta. Ko ɗaya bisa goma na abin da kwalin ya faɗa ba ta kai ba. Ya mayar da ita.

"Ka saurare su a shagon?"

"Haba, ai ba na sayen abin da aka buɗe. Sababbi dal na ɗauko a kwali."

Wato mutum ya sayi abin ji bai ji ba. Injiniya ya cire hularsa ya ajiye, ya naɗe hannun riga.

Abin da ya fara samu shi ne wayar sifikar hagu a juye take, ja a gurbin baƙi, baƙi a gurbin ja. Kwana huɗu ke nan ɗaya tana tura iska ɗaya tana janyewa, mai gidan kuma yana zaune a tsakani yana kaɗa kai. Ya gyara. Ya janyo dogayen daga kusurwa kamu ɗaya da rabi, ya karkato su suka fuskanci doguwar kujera. Ya fito da ta tsakiya ya ɗora a saman durowar, saitin fuskar mai zama. Ƙananan ya kai su gefen kujera ta baya, sama da kunne kaɗan, ya bi da wayarsu ta gindin bango. Auta ta kinkimo kafet daga ɗakin kwana, ta zaƙulo tsofaffin labule a sito suka rataya. Amfilifayar ma ya ciro ta daga durowa ya ajiye a sarari.

"Wannan tana zafi," ya ce wa Manaja. "Iska take so. Kar ka sake kulle ta."

"To, Kawu," in ji Manaja, idonsa a kan waya. Aka kira shi ya fita.

Da ya dawo sai ya tarar da wufa zaune ɗare-ɗare a kan kujerarsa, daidai inda yake zama, tana gurnani, tsoho kuma yana rarrafe a gindin bango, kansa a karkace.

"Subhanallahi! Kawu, wani abu ne ya faɗi?"

"Wurin zamanta nake nema. Na ɗora ta inda kunnenka yake zama. Duk inda na ji sautinta ya fito tas, ba ya kumbura ba ya ɓacewa, nan za a ajiye ta."

Manaja ya fashe da dariya, ya ɗaga waya ya fara ɗaukar bidiyo. Injiniya ya ci gaba da rarrafensa. A lungun da aka fara ajiye ta sautin ya kumbura ya zama kamar ana mirgina ganga. Kusa da ƙofa ya ɓace gaba ɗaya. A gefen taga ta biyu ne ya ji kowane bugu ya fito tas. Ya manna ɗan tef a wurin, ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"A nan? Ai ba ta yi daidai da jerin kujeru ba," in ji Manaja.

"Ba zama za ka yi a kanta ba."

Yana cikin daidaita ƙarfin kowace sifika Auta ta ce, "Kawu, ta bayan nan tana wani ɗan tsii."

"Babu wani tsii."

"Wallahi akwai. Siriri ne."

Ya je ya kara kunne. Bai ji komai ba. Ya juya ɗaya kunnen, nan ma shiru. Amma da ya duba bayanta sai ga silin waya ɗaya ya zame yana taɓa ɗan'uwansa. Ya murɗe shi ya ɗaure. Auta ta ce ya daina. Injiniya ya daɗe yana goge filayarsa da gefen riga, bai ɗago ba. Abin ya sosa masa rai, kuma ya gode wa Allah da Manaja yana can yana kallon bidiyon da ya ɗauka.

Sannan ya sa faifan gwaji. Ruwan sama ya fara sauka a falon, a hankali, har Auta ta waiga ta kalli taga. Wani ya taho da takalmi daga hagu, ya bi ta bayan kujera, ya tsaya a dama. Wata mata ta yi raɗa, kowane harafi ya fito. Can nesa aradu ta yi gurnani, suka ji ta a tafin ƙafa.

"Kawu!" in ji Auta, ta riƙe haɓa.

Manaja ya karkata kai. "Shi ke nan? Ina ƙarar?"

"Ƙara kake nema? Ka je bakin titi, kyauta ce."

Ranar Asabar da yamma Manaja ya gayyato abokan aikinsa kallon fim, ya roƙi Kawu ya zo ko da wani abu zai taso. Aka ba shi kujerar roba kusa da teburin cin abinci, da kofin shayi. Daga nan ya ga an riga an mayar da amfilifaya cikin durowa an rufe, don kar ta ɓata wa baƙi ido. Ya kurɓi shayinsa.

Su shida suka zo. Darakta, mai tumbi da zobe biyu, ya zauna a tsakiyar doguwar kujera, sauran suka jira ya zauna kafin su zauna. Fim ɗin yaƙi aka sa. Minti goma da farawa Darakta ya taɓe baki.

"Ba laifi. Amma nawa idan jirgi ya wuce har mai gadi yana jin sa a bakin get."

Kowa ya yi dariya. Fuskar Manaja ta canza.

"Ranka ya daɗe, ai saitin ne. Kawun madam ne ya yi, ka san tsohon hannu, na zamanin rediyo. Bari ka gani."

Ya tashi da kansa, ya ja wufa ƙiii a kan tayil ya mayar da ita lungu, ya murɗa maɓallin bayanta har ƙarshe, ya ƙure ƙarar da rimot. Jirgi na gaba da ya wuce, falon gaba ɗaya ya ɗauki rawa. Gilashin kabad ya fara zizz, kofuna suna karo da juna. Wani soja a fim ɗin yana ta buɗe baki yana ba da umarni, ba a jin ko kalma ɗaya.

"Yauwa!" in ji Darakta da ihu. "Yanzu ka yi magana!"

Suka yi ta kaɗa kai su bakwai, kowa yana leƙen fuskar Darakta ya ga inda zai yi mamaki. Injiniya yana kallon wani faranti a saman kabad yana tafiya da kansa, kaɗan-kaɗan, zuwa baki. Zai iya tashi ya tare shi, amma bai tashi ba. Da bam ya fashe a fim ɗin farantin ya sauka, ya tarwatse, wani ƙaramin ma'aikaci ya yi tafi yana zaton cikin fim ne.

Ana tsakiyar babban faɗan sai komai ya ɗauke ɗif. Hoto yana tafiya, sauti babu. Manaja ya danna rimot, ya bubbuga shi a tafin hannu, ya juya batir. A ƙarshe ya waigo.

"Kawu..."

Injiniya ya shanye sauran shayinsa tukuna.

"Buɗe durowar. Ta yi zafi ta kashe kanta. Minti ashirin."

Aka buɗe, hucin zafi ya fito. Minti ashirin ɗin nan manyan mutane bakwai suka zauna suna kallon hoto babu sauti. Wani ya yi tari, wani ya yaba labule. Auta ta zo da tsintsiya ta kwashe farantin, ba ta kalli mijinta ba.

Injiniya bai jira ƙarshen fim ɗin ba. Yana bakin get Darakta ya biyo shi, wai zai ɗauko abu a mota, ya rage murya.

"Baba, ni fa nawa... gaskiya ba na jin abin da suke cewa. Rubutun ƙasan nan nake karantawa. Ko za ka leƙo?"

"Wufa nawa gare ka?"

"Huɗu."

"Akwai kafet?"

"Madam ba ta son kafet."

"To ka ci gaba da karatu," in ji Injiniya, ya saɓa jakarsa.

Bayan sati biyu Auta ta kira. Manaja ya tafi taro na kwana biyar. Injiniya ya je, suka mayar da komai wurinsa, suka kalli fim biyu a jere, ita tana gyara masa duk inda ta ji siririn sauti ya yi yawa, shi kuma yana karɓa ba musu. Daga nan abin ya zama musu sabo: mai gida na fita ta kira Kawu, ana gobe zai dawo ta ja wufa zuwa lungu ta ƙure maɓalli.

Sau ɗaya ya dawo ba zato, ba ta samu ta mayar ba. Ya shigo, ya wuce wufar a gefen taga bai ko kalle ta ba, ya zauna ya kunna fim. Sati uku yana kallo a haka. Auta ta ce wata rana ta ji shi a waya yana gaya wa wani abokinsa cewa sifiku sai sun daɗe suna aiki suke sakin murya, kuma duk wanda yake son a saita masa nasa ya neme shi.