Sai Juma'a Bayan La'asar

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Garba na Dogo ya wayi gari rumbunsa fayau. Abin da ya rage masa sai jan sa guda, wanda yake huɗa da shi. A kasuwa kuwa mahauta na tayi kamar suna zagin mutum.

'Yarsa Ramlatu, mai ɗinki a Zinder, ita ta zo da labarin wani gurup a salula inda ake gwanjon bisashe. Ta ɗauki hoton san, ta kara wa Garba salula a baki, ya faɗa da muryarsa: "Ni ne Garba na Dogo. Kowa ya taya. Ran Juma'a bayan la'asar, wanda ya fi, shi zan sallama wa."

Tayi ya fara shigowa daga Gaffati, daga Zermu. Sa kuwa sai ramewa yake, don ko karan dawa babu a garin.

Ana cikin haka Alhaji Alkasum, mai sayar da hatsi a birni, ya tsai da kamiyonsa, babbar motar kaya, a ƙofar gida. Ya zagaya san, ya latsa haƙarƙarinsa.

"Malam Garba, wannan ba ya kai Juma'a a tsaye. Ga gero a mota, ya fi duk abin da aka taya. Yarinya ta cire hoton, shi ke nan."

Ramlatu ta matso, ta rage murya. "Baba, kowa haka yake yi. Sai in ce an fasa. Ba wanda ya san fuskarka."

"Sun san muryata."

"Murya za mu tuƙa?"

Garba ya juya ga baƙon. "Alhaji, a kasuwar Dogo, mutum na riƙe da igiya yana ciniki, ka taɓa fizge ta daga hannunsa?"

"Wannan ai ba kasuwa ba ce, salula ce."

"Akwai wani a Zermu da ya sayar da awakinsa don ya taya. Da kunnena na ji shi. Igiya na hannunsu har Juma'a. In kana so, Ramlatu ta sa ka cikin gurup, ka taya a gaban mutane."

Alkasum ya yi dariya. "To, in ya faɗi, sai ka sallama musu fata."

Garba ya dubi san, ya dubi ɗakinsa. Ya jawo turmi ya taka, ya hau, ya shiga kwance jinka yana jefo tsohuwar ciyawa ƙasa. "Ramlatu, kakkaɓe ta, ki yayyafa ruwan kanwa."

"Baba, ina za ka kwana?"

"Ruwan da zai jiƙa ni, ina yake?"

Alkasum ya tada mota ya tafi da geronsa. Gidan ya ci gaba da kunun dusa.

Ran Juma'a aka sallame la'asar, sa na tsaye, ƙafafu na rawa, yana tauna ƙarshen jinkar. Mutumin Zermu ne ya fi, kuma tayinsa bai kamo geron Alhaji ba. Ramlatu ta miƙo salula ba ta ko kalli uban ba. Garba ya gyara murya a tsakiyar ɗakinsa marar rufi.

"Ni ne Garba na Dogo. Na sallama."