Wanda Ya Ari Bakin Uwarsa

Matan rumfar tsintar wake Barkono suke ce mata, ita kuma ba ta taɓa cewa a daina ba. Tun gashinta na baƙi take zama a 'yar kujerar katako kusa da ƙofar sito, tire a cinya, tana raba wake da tsakuwa da wanda ƙwaro ya huda. A damanta kullum Doguwa ce, aminiyarta. Gorar ruwansu ɗaya, gulmarsu ɗaya. Idan rana ta take Doguwa ta soma gyangyaɗi, Barkono ce ke ja mata tire ta rage mata, kuma ita ce ke taka mata ƙafa idan ta hango manaja.

Ranar da abin ya faru, manajan ya shigo yana murmushi ya ce, "Iyayena, sannunku da aiki." Matan suka dubi juna, don duk ranar da ya ce iyayena, to akwai magana a ƙasa.

Maganar na'ura ce. Wai kamfani zai sayo wata mai ido, wadda ke ganin tsakuwa ta hure ta gefe kafin mutum ya ƙifta. Rumfa ta kaure. Barkono har ta miƙe ta gyara ɗaurin zani za ta ba shi nasa, sai ya ɗaga waya sama.

"Ku tsaya. Ai ɗaya daga cikinku ma ta goyi baya, duniya duk ta gani. Ku ji abin da ɗanta ya rubuta." Ya gyara murya. "'Mahaifiyata ta tsufa a rumfar tsintar wake. Da bakinta ta ce mini: ɗana, a kawo na'ura mu huta, bayanmu ya gaji, rabin matan ma barci suke yi a kan tire.'"

Ya juyo musu da fuskar wayar. Ga Barkono nan ɓaro-ɓaro, da ɗankwalinta kore, da tire a cinya, tana washe baki.

Doguwa ta dube ta sama da ƙasa, ta ɗauki kujerarta da tirenta, ta koma can ƙarshen rumfa wajen buhunan ƙaiƙayi. Gorar ruwan ma ta tafi da ita.

"Wallahi ban faɗa ba!" in ji Barkono.

"To wa ya san da barcin in ba ke ba?" Doguwa ta ce daga can, ko juyowa ba ta yi ba.

Ita kuwa gaskiyar ita ce, Barkono kan dawo gida ta ce wash, bayana. Kuma ta taɓa kwaikwayon gyangyaɗin Doguwa a tsakar gida har surukarta ta ƙware don dariya. Iyakarsa ke nan. Na'ura kam ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba.

Da yamma ta iske Auta, ɗan nata, a falo, kwance a doguwar kujera ko takalmin ofis bai cire ba, babban yatsansa na ta kai-kawo a kan waya. Akawu ne a wani kamfanin sufuri, amma a cikin wayar sunansa Mai Hangen Nesa. Babu abin da bai sani ba a can. Yau ya gyara wa gwamnati kasafi, gobe ya koya wa masu ƙera wayoyi sana'arsu, jibi ya sasanta ƙasashen da ko taswirarsu bai taɓa gani ba. Famfon gidan kuwa tun bara yake ɗiga.

"Kai! Tashi zaune."

"Mama, sannu da dawowa. Minti ɗaya, ina ba wani amsa ne."

Ta fizge wayar ta miƙa wa surukarta. "'Yata, karanta mini. Duk abin da suka ce a kaina, kada ki rage ko ɗaya."

Surukar ta daɗe tana jin haushin wayar nan, don haka da daɗin rai ta zauna ta karanta. Wani ya ce Allah ya ƙara wa tsohuwa basira, ta fi ministoci hankali. Wani ya ce an saye ta. Wani ya ce 'yar jam'iyyar gwamnati ce, a dubi launin ɗankwalinta. Wani ya taso masa cewa ai 'yan adawa ne suka fara kore, daga nan su biyun suka manta da ita suka koma zagin iyayen juna. Akwai wani Muryar Talaka, abokin gabar Auta na kullum, shi cewa ya yi babu wata tsohuwa, hoton ma na'ura ce ta ƙera shi.

"Wai ya ce a dubi yatsunta," in ji surukar, tana danne dariya. "Wai ba a yin mutum da yatsu karkatattu haka."

Barkono ta ɗaga hannunta ta duba. Wake ne ya karkatar da su, kuma da su aka ciyar da wannan da ke kwance da takalmi.

"Yaushe na ce maka a kawo na'ura?"

"Mama, ba ki gane ba ne. Salon magana ne. A mahawara idan ka ce ni na ce, ba mai sauraronka. Amma ka ce tsohuwata ta ce, kowa sai ya nutsu. Kowa haka yake yi. Shi Muryar Talakan ma kullum kakansa yake kawowa, kuma na tabbata kakan ya rasu tun kafin a haife shi."

"To shi mataccen ya ara. Ni da raina ka ari bakina ka ci mini albasa. Doguwa ta ɗauke kujerarta. Ka san abin da ake nufi da Doguwa ta ɗauke kujerarta?"

"Kwana biyu za su manta."

"Goge shi. Sannan ka zo rumfa ka gaya musu ƙarya ka yi."

Auta ya dafe ƙirji kamar an ce ya yanke hannu. "In goge? Ai sai Muryar Talaka ya ce ya kayar da ni. Mama, kin san mutum nawa suka tura maganar nan? Kin zama sananniya fa."

"Sananniya a gidan uban wa?"

Ya yi dariya, ya karɓi wayarsa a hannun matarsa, ya koma ya kwanta.

Ba su manta ba. Barkono ta riƙa zama ita kaɗai a bakin sito kamar mai ƙyanda. In ta yi sallama, a amsa can cikin maƙoshi. In ta tashi zuwa bayi, ta ji ana cewa ga uwar na'ura nan za ta wuce. Matan suna da zaurensu a waya, na murya zalla, tunda babu mai karatu a cikinsu. Ka danna wurin nan ka riƙe, ka yi magana, ka saki. Ta aika rantsuwa har ta gaji, ba wadda ta tanka. Ta je wa manaja, ya ce shi ba shi ya rubuta ba, karantawa kawai ya yi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta hango Doguwa na gyangyaɗi a ƙarshen rumfa, babu mai taka mata ƙafa, har manaja ya tsaya a kanta yana tafa hannu.

A ranar ce, tana hanyar gida, ta tuna wani abu. Auta ma yakan dawo ya yar da jaka ya ce ya gaji da ofishin nan. Kuma ya taɓa kwaikwayon yadda ogansu ke kulle ƙofa bayan azahar, wai yana taro, alhali har waje ana jin minsharinsa. Ta tsaya cak a gefen titi, mai babur ya kusa kwashe ta, ya zage ta, ta rama masa da ƙari. Sannan ta samu dakalin wani shago ta zauna, ta ciro wayarta daga ƙullin zani, ta danna ta riƙe.

Murya ta sassauta, irin ta uwa mai alfahari.

"'Yan uwana mata, ni ce dai uwar na'ura. Tunda kun ce ɗana mai ilimi ne, ga wata hikimar da ya ƙara mini. Da bakinsa ya ce mini: Mama, ofishinmu ma na'ura ɗaya ta ishe shi. Ya ce daga shi har abokan aikinsa babu mai tsinana komai, waya suke latsawa daga safe har a tashi. Ya ce in za a kora, a fara da oga, shi da ma barci yake yi. Sunansa a waya Mai Hangen Nesa, kamfanin manyan motoci yake aiki, ga hotonsa nan da rigar ofis. Wadda ke da ɗa mai latse-latse ta tura masa, kada ilimi ya tsaya a wuri ɗaya."

Ta saki. Ta sayi ruwan sanyi a shagon ta sha abinta.

Matan ba sa magana da ita, amma ba a ce ba sa turawa ba. Kowacce tana da ɗa ko ƙani ko suruki mai zaman waya. Kafin gari ya waye sau biyu murya ta isa hannun Muryar Talaka, shi kuwa ya liƙa ta a saman shafinsa ya rubuta cewa ashe tsohuwar nan mutum ce ta gaske, yana neman afuwar yatsunta. Mahawara ta juya. Masu cewa a kori ma'aikatan ofis duka, masu cewa laifin gwamnati ne da ba ta samar da wuta ba shi ya sa oga ke barci, masu tambayar wane kamfani ne su kai takardar neman aiki.

Hantsi ya dubi ludayi, mata na tsaka da tsinta, sai ga Auta ya faɗo rumfa, riga ta jiƙe sharkaf, igiyar wuyansa ta koma kafaɗa.

"Mama! Mama, me na yi miki?"

Barkono ba ta ɗago daga tire ba. "Lafiya, ɗan nan? Ba a sallama?"

"Oga ya kira ni! Ya kunna mini muryarki a gaban kowa, har masinja na dariya. Ya ce in ban kawo gyara yau ba, in kwashe kayana. Yaushe na ce a kawo na'ura ofishinmu? Yaushe?"

"Au, ba ka faɗa ba?"

"Wallahi ban faɗa ba!"

"To ai salon magana ne." Ta tsince wata tsakuwa ta yar. "In na ce ni na ce, wa zai saurari jahila? Amma in na ce ɗana ya ce, kowa sai ya nutsu. Ka zama sananne fa."

Wata daga cikin matan ta tuntsire, wata ta zungure ta. Duk hannaye sun tsaya a kan tire.

Auta ya durƙusa a kan ƙaiƙayi da wandonsa na ofis. "Don Allah, Mama. Aikina ne."

"Ni kuma mutuncina ne, kuma shi na riga samu kafin in same ka. Tashi. Juya ka dube su. Ka ga waccan doguwar? Ita ta goya ka a bayanta ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Gaya mata."

Ya juya. Mai Hangen Nesa, wanda ke gyara duniya da yatsa ɗaya, ya tsaya yana in'ina a gaban mata masu tire. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa cewa a kawo na'ura ba. Ya ce shi ya ƙulla don ya kayar da wani a gardama. Ya ce maganar barcin ma shi ya ƙara gishiri.

"Ɗaga murya," in ji Doguwa. "Mu masu barci ba mu ji sosai."

Ya maimaita da ƙarfi. Barkono ta sa ya ciro wayarsa ya sake faɗa a cikinta da fuskarsa, ya liƙa a inda ya liƙa ta farko, ta kuma sa wata mai kaifin ido ta tsaya a kansa har ta ga abin ya tafi.

"Saura naki, Mama," ya ce. "Ki ce ba ni na faɗa ba. Oga na jira."

"Ai ni ba na cin haƙƙin mutum." Ta goge hannu a zani, ta ciro waya, ta danna ta riƙe. "Jama'a, ni ce uwar Mai Hangen Nesa. Ɗana bai ce a kawo na'ura ofishinsu ba, bai ce abokan aikinsa ba sa aiki ba. Ni na ƙulla masa yadda ya ƙulla mini, yanzu mun yi kunnen doki. Yaro ne mai ladabi, oga ka yi haƙuri ka bar shi. Abin da ya faɗa da bakinsa ɗaya ne tak, kuma shi ba zan yi ƙarya a kansa ba: na minsharin bayan azahar."

"Mama, kada ki saki!"

Ta riga ta saki.

Auta ya ɗora hannu biyu a ka, ya fice da gudu yana neman abin hawa. Rumfa ta kece da dariya har manaja ya leƙo ya koma. Maganar na'ura tana nan, ba wanda ya janye ta, amma ranar ba wadda ta tuna da ita.

Can sai aka ji ƙarar kujera ana janta a siminti. Doguwa ta dire ta a daman Barkono, ta zauna, ta ajiye gorar ruwa a tsakaninsu.

"Muguwar tsohuwa," ta ce. "In suka kore shi fa?"

"Ba za su kore shi ba. Wanda ya san sirrin barcinka ba ka korarsa, kusa da kai kake ajiye shi."

Doguwa ta harare ta. "Da ni kike?"

"Sha ruwa ki miƙo mini," in ji Barkono, ta jawo tiren Doguwa ta soma rage mata.