Oda Ta Daina Sanin Okada

Jikata Ni'imatullahi ta rubuta manhajar waya wadda matan unguwar Sabo ke karɓar odar abinci da ita daga cikin gida. Mai son kunu ya danna, manhaja ta kira ɗan okada. Ranar da okada ya kifar da kunun gyaɗar Bara'atu a hawan Mokola, Bara'atu ta aiko cewa in kayan sunan Lahadi ba a keke mai ƙafa uku za su tafi ba, ta fita daga manhajar, ƙawayenta ma za su bi ta.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina son zama kusa da jikar tawa in kalli rubutun nan mai kama da jerin tururuwa. Ta sa keke a gurbin okada, allo ya yi ja. Ta ce laifinta ne: ta gina sassa biyu na manhajar, Oda da Okada, manne da juna, kowanne na kiran ɗan'uwansa da suna, ya san cikinsa. Ka cire ɗaya, ɗayan ya faɗi. Na ce ai tagwayen ayaba ne, irin waɗanda nake tsinta a kasuwar Shasha. Ta ce, "Angona, ka yi shiru ko in sake ka."

Da hantsi ta raba su. Ta sa wani abu a tsakani, deliget, wato wakili. Oda ba ta ƙara kiran kowa, sai ta ce wa wakili kaya sun haɗu, shi ya san wanda aka ɗora masa. Ta kuma yi tamfilet, ta ce in ɗauke shi kamar tandar waina, zubi ɗaya, ƙullu kowane iri. Duk abin da ya iya ɗauka ya kai, zai shiga.

Na tambaya ko har tsoho. Ta dube ni, ta rubuta sunana.

Ran Lahadi keke ya kwashi kulolin Bara'atu, ko ɗigo bai zube ba. Ina zaune a ƙofar masallaci wayata ta yi ƙara: kwanon alkaki, daga gidan Bara'atu zuwa gidan Hawa, layi na gaba. Na je na ɗauka.

Ta bayan labule Bara'atu ta ce, "Baba, kai ma okada ka zama?"

Na ce Oda ba ta tambaya ba. Na tafi a hankali, kwano a hannu biyu.