Ganye a Kwanar Bobi

Reshe bakwai Maikano ya zube a kan teburin Baturen hanya, duk an gaigaye su, ba sauran ganye ko ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana malamin hanya a Kontagora. Duk inda mota ta faɗi sai ya hau kekensa ya je, ya auna, ya ishi kowa da tambaya, har direbobi suka laƙaba masa Sarkin Bin Diddigi. Shi dai abu ɗaya ke cin ransa: me ke sa mai hankali ya yi kuskure?

Wannan karon a kwanar Bobi ne. Motar wani direba, Jumare, ta mutu da hantsi, wata ta taso daga baya ta afka mata, mata biyar 'yan kasuwa suka rasu. Aka ce Jumare bai zuba ganye a hanya ba, yadda kowane direba ke yi don gargaɗin na baya. Ya rantse har muryarsa ta dishe. Washegari za a yanke masa hukunci.

"Ranka ya daɗe, wallahi ya zuba," in ji Maikano. "Garken shanu ne ya ratsa ta wurin. Da ranin nan, ina saniya za ta ga ɗanyen ganye ta wuce? Na ga sawunsu, ga kuma abin da suka rage."

Bature ya ture rassan da gindin alƙalami. Ya ce takardar rahoto gurbi biyu gare ta, laifin direba ko laifin mota. A ina zai sa shanu?

"To a ba direbobi jan ƙyalle su riƙa kafawa."

Bature ya ce zai duba.

Shekara uku aka ɗaure Jumare. Matarsa Madina ta tare Maikano a ƙofar kotu, da goyo a bayanta.

"Malam, ai ka ce ka ga shaida."

"Na gani, Madina."

"To?"

Maikano ya ja kekensa ya wuce. Bai taɓa jin kunyar aikinsa kamar ranar ba.

Bayan wata biyu sanarwa ta fito, kuma shi ɗin aka tura ya karanta a tasha. Direbobi suka kewaye shi. Ya buɗe takardar, ya karanta murya ƙasa-ƙasa: saboda abin da ya faru a kwanar Bobi, daga yau duk wanda motarsa ta mutu a hanya, ya ninka ganyen da yake zubawa.