Inda Garland Ke Yanke Numfashi

Estill Sizemore bai ji labarin daga bakin yayansa Garland ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Matarsa Vergie ce ta kawo shi daga coci, tana cire hula tana faɗa kamar mai ba da labarin tsadar gishiri: wai bana, ranar Lahadin gyaran kaburbura, Hobart ne zai ɗauki muryar sama a waƙa, a gefen Garland.

"Wane Hobart?"

"Hobart nawa ka sani? Mijin Glenna mana, 'yar Yaya Garland, surukinsa."

"Bakaniken nan?"

"Shi fa. Kuma an ce yana da murya."

"An ce," in ji Estill, sai tari ya ƙwace masa sauran maganar. Vergie ta miƙa masa ruwa, ya ƙi karɓa.

Tun suna yara haka tsarin yake: Garland ya ja waƙa, Estill ya hau samansa. Innarsu ce ta koya musu a barandar gida tana ɓarar wake. Ta ce babba ya riƙe hanya, ƙarami ya bi ta sama, kuma kowa ya riƙa kallon bakin ɗan'uwansa. Da wannan suka yi shekara arba'in da ɗoriya suna waƙar bulugiras, waƙar gargajiyar ƙauye da ake yi da jita, a lungunan duwatsun Kentucky, a makarantu, a wurin jana'iza, har a gidan rediyon gari da safiyar Asabar. Mutane kan ce ba a gane inda muryar wannan ta ƙare ta wancan ta fara. Estill kan sunkuyar da kai in an faɗa, amma a ransa ya san muryar wa ke sa tsofaffin mata neman hankici.

Sai ƙurar ramin kwal da Estill ya yi aiki a ciki ta zauna masa a huhu. Bara, a tsakiyar waƙa, tari ya sarƙe shi har ya zauna a kan dutsen kabarin wani kawunsu, Garland ya ƙarasa shi kaɗai. Ba wanda ya sake tada zancen. Estill ya ɗauka shirun na nufin wurinsa na nan yana jiransa, a kafaɗar daman yayansa. Ashe wurin har an ba bakanike.

Ana saura 'yan kwanaki, Hobart ya zo gidan da kansa, da kwalbar zuma a hannu. Ya cire hula tun daga matakala, ya gaishe da Vergie, ya tambayi jiki. Ladabin nan ma haushi ya ƙara ba Estill. Da mutumin ya zo da girman kai, da an san yadda za a yi da shi.

"Baba Estill, wurinka na zo koyo," in ji Hobart. "Waƙar Inna ce ke ba ni tsoro. Surukina ya ce ba ma sai mun gwada ta ba, wai in dai kalli bakinsa. To ni kuma kada in je in ɓata muku abin gado a gaban dangi."

"Ai kai gwani ne, an ce."

"Haba Baba, wane ni. Dogon layin nan na ƙarshe, ya kuke yi da shi?"

Estill ya riƙa juya kwalbar zumar a hannunsa. Layin da ake magana shi ne inda mai waƙa ke roƙon uwarsa ta bar masa ƙofa a buɗe in ya haye tudun ƙarshe. Innarsu da numfashi ɗaya take jan sa. Amma shekarun nan Garland ya tsufa, ya koma yanke shi biyu: daidai kan "tudun ƙarshe" sai ya tsaya ya ja iska. Estill kan tsaya tare da shi, su ɗauka tare, don kada kowa ya gane ƙarfin babban ya ragu. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Vergie. Rufin asirin ɗan'uwa ne, kuma yana alfahari da shi.

Yanzu fa, in mai muryar sama bai san da tsayawar ba, zai wuce shi kaɗai, muryarsa ta rataye a iska ba abin da ke ƙarƙashinta. Duk wanda ya taɓa waƙa ya san irin wannan kunyar.

"Ja shi har ƙarshe," in ji Estill. "Numfashi ɗaya. Kada ka kuskura ka tsaya."

Hobart ya yi ta godiya. Da ya tafi, Vergie ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon mijinta.

"Baban Doyle, me ka ƙulla wa yaron nan? Na san fuskar nan."

"Abin da Inna ta koya mana na gaya masa. Ƙarya na yi?"

Ranar Lahadi dangi suka cika maƙabartar da ke kan tudu. An share ciyawa, kowane kabari ya sha furanni, an jera katakai a ƙarƙashin itatuwa an ɗora soyayyen kaza, burodin masara da tukwanen wake. Fasto ya yi wa'azi har yara suka fara jifan juna da 'ya'yan itace. Estill ya sa aka kafa masa kujera a gaba, kusa da kabarin Inna, inda ba abin da zai wuce masa.

Garland ya rataya jitarsa. Hobart ya zo ya tsaya a kafaɗarsa ta dama, har rigunansu na gogar juna. Wani abu ya tokare wa Estill ƙirji, kuma ba ƙurar kwal ba ce. Kishi ne tsagwaronsa, ya kuma san sunansa.

Sai ya ga Garland ya ɗauki ɗan ƙarfen nan da ake matse wuyan jita da shi don ɗaga sauti, ya kai shi can sama, inda Estill ya manta rabon da ya gan shi. Ya ce a ransa, tsoho zai kashe kansa yau don ya burge suruki.

Suka yi waƙa biyu, sannan suka shiga ta Inna. Estill ya zo ne neman kuskure, ya kasa kunne kamar mai jiran ɓarawo. Amma da muryar Hobart ta hau kan ta Garland, siririya, a miƙe, ba rawa, sai tsigar jikinsa ta tashi ba da son ransa ba. Haka waƙar take a da. Ya ga barandar gidansu, ya ga ƙafafun Inna a cikin takalman babansu, ya ji ƙarar wake na faɗawa kwano. Ya tuna safiyar da shi da Garland suka taka zuwa gari da jita ɗaya a cikin buhu, Garland ya ba shi rabin burodinsa yana cewa mai muryar sama ya fi bukatar ƙarfi.

Ya haɗiye duk wannan, ya gyara zama. Dogon layin na zuwa.

Suka kai "tudun ƙarshe". Hobart ya wuce, kamar yadda aka umurce shi. Garland ma ya wuce. Bai tsaya ba, bai ko rage ba. Ya ja layin har ƙarshensa da numfashi ɗaya, da sauran iska ma a ƙirjinsa, idonsa a lumshe, fuskarsa ta saki kamar ta wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

Estill ya zauna baki buɗe. Ba ya bukatar kowa ya fassara masa. Garland bai taɓa rasa numfashi a wurin nan ba. Wanda ake tsayawa dominsa yana zaune a kan kujera.

Mata na share hawaye, maza na gyaɗa kai. Wata tsohuwa a bayansa ta ce rabon da ta ji waƙar nan haka tun marigayiya Innarsu na da rai, kuma ba ta ko rage murya ba.

"Estill," Garland ya kira shi, "taso mana mu yi ɗaya. Hobart, ɗan ba Babanka wuri."

Hobart ya ja da baya da sauri. Estill ya tashi, ya taka a hankali, ya tsaya a wurinsa na kullum. Warin tabar yayansa da na sabulun aski suna nan yadda ya san su. Sai ya ga hannun Garland ya tafi wuyan jita, ko kallo bai yi ba, ya kwance ƙarfen ya fara zamo da shi ƙasa. Estill ya riƙe hannun.

"Tun yaushe?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe me?"

"Kada ka mai da ni yaro, Yaya."

Garland ya dubi igiyoyin jitarsa. "Tun kwanciyarka asibiti ta farko. Kaɗan-kaɗan nake saukar da waƙar, don kada ka ji."

"Wa ya sani?"

"Duk mai kunne, Estill." Ya ɗago ya dube shi. "Ni dai na fi son in yi ta a ƙasa da kai."

"Na ga fuskarka ɗazu, da ka ja ta a sama."

Garland ya kau da kai. Estill ya kama ƙarfen, ya mai da shi can sama inda yake, ya matse.

"Hobart, dawo wurinka. Ni ƙirjina ba daɗi yau."

"A'a, tsaya mana," in ji Garland.

"Na ce ba daɗi."

Ya juya ya nufi kujerarsa, yana jan ƙafa fiye da yadda ciwon ya sa shi, yana ba yayansa lokaci. In Garland ya sake cewa tsaya, sau ɗaya tak, zai dawo, ya yi ta a ƙasa, kowa ya ji, bai damu ba. Ya kai rabin hanya. Ya kai kujera, ya dafa ta, bai zauna ba tukuna.

A bayansa Garland ya kaɗa jita, ya ba Hobart sautin farko.